Jama'a Na Ƙaruwa, Gona Ba Ta Haihuwa

Kurmin Mashi unguwa ce a cikin Kaduna, arewa da kogi, a bakin babbar hanyar nan ta Nnamdi Azikiwe wadda direbobi ke kira baifas. Wanda ya shiga cikinta yau da nufin ganin kurmi zai sha yawo bai gani ba. Abin da zai tarar shi ne gidaje bango na jingine da bango, da garejin makanikai, da shaguna, da yara 'yan makaranta cike da lunguna safe da yamma. Amma sunan bai yi ƙarya ba. Kurmi shi ne wurin da itatuwa suka yi duhu a gefen ruwa, kuma haka yawancin ƙasar nan ta ke, da ƙauyukan Gwari jefi-jefi, kafin Turawa su ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru su kawo ta Kaduna a 1917. Daga wannan shekara zuwa yau bai fi rayuwar tsoho ɗaya da ɗansa ba.

To, ina duk waɗannan mutane suka fito? In aka yi tambayar nan a majalisar ƙofar gida, ko a rumfar mai shayi, amsar da a kan bayar ita ce haihuwa ta yi yawa a zamanin nan. Wannan amsa tana da daɗin faɗi, sai dai lissafi bai goyi bayanta ba. Matan yanzu ba su kai kakanninsu yawan haihuwa ba. Abin da ya sake shi ne, 'ya'yan da a ke haifa sun daina mutuwa kamar dā. Ya kamata manomi ya fahimci wannan sosai, domin a kan gonarsa lissafin ke ƙarewa.

Duk mai kiwo ya san yadda garke ke ƙaruwa. Ba ya duban yawan 'yan maruƙan da aka haifa kaɗai, sai ya cire waɗanda suka mutu kafin damina ta zagayo. In shanu sun haifi goma, sammore ya kashe tara, garke na nan inda ya ke. In sun haifi takwas, biyu suka mutu, ya sami ƙarin shida, ko da ya ke haihuwar ta ragu. Haka lissafin 'yan Adam ya ke, ba don an haɗa mutum da dabba ba. Masu ƙididdiga su kan ɗauki mutum 1,000, su ga nawa aka haifa musu a shekara, nawa kuma suka rasu. Ratar da ke tsakanin biyun nan ita ce ƙaruwar jama'a.

Bisa ga kintacen Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1960 cikin kowane mutum 1,000 a Nijeriya a kan haifi wajen 46 a shekara, wajen 26 su rasu, watau ƙarin 20 ke nan. Zuwa 1980 haihuwa tana nan daram, amma mutuwa ta sauko ƙasa da 20, sai ratar ta buɗe ta doshi 28. A 'yan shekarun nan haihuwa ta sauko wajen talatin da 'yan kai, mutuwa kuwa wajen 12. Ga shi duka biyun sun sauko, amma mutuwa ce ta riga sauka, haihuwa na biye da ita sannu-sannu, kuma a cikin wannan jinkiri ne ƙasa ta cika.

Dattawa ba su bukatar a karanta musu wannan a takarda. Su suka san abin da a ke nufi da wabi, watau macen da ke haihuwa 'ya'yan na komawa. Su suka san dalilin da ya sa a ke kiran yaro Ajuji, ko yarinya Ayashe, a nuna kamar ba a damu da su ba, ko mutuwa ta kau da kai. Mace ta kan yi haihuwa goma ta tashi da huɗu, a ce ta yi arziki. A farkon shekarun 1960, cikin yara 10 da aka haifa a ƙasar nan, wajen 3 ba su kaiwa shekara biyar. Ƙyanda ta kan zo da bazara ta share unguwa, agana ta bi baya, wanda ya tsira ya tashi da zanzana ko makanta. Ga tarin shiƙa, ga sanƙarau, ga zazzaɓin damina. In cuta ta yi sauƙi, yunwa ta karɓa. An yi Kakalaba a 1914, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Kano da arewacinta. An yi babbar murar nan ta 1918 da ta game duniya. An yi 'Yar Buhu a 1927. Shi kansa kurmi, da a ke begensa yau, gidan ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya addabi Lardin Zazzau har sai da Gwamnati ta sa aka sassabe bakin rafuka a ƙasar Anchau a shekarun 1930 da 1940, aka tayar da mutane aka gina musu sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya.

Sa'an nan al'amura suka juya. Aka shiga yin lamba gari-gari. Babban gangamin lambar agana ya fara a 1967, zuwa 1970 ba a sake ganin ta a Nijeriya ba, a 1980 kuma aka ba da sanarwa ta ƙare a duniya ɗungum. Yaron yau bai san ma kamanninta ba. Aka haƙa rijiyoyin siminti, aka kawo famfo, kurkunu ya ɓace, har aka tabbatar wa Nijeriya rabuwa da shi a 2013. Jirgin ƙasa da mota suka sa in hatsi ya ƙi a wata ƙasa a kawo daga wata, shi ya sa farin 1973, duk da tsananinsa, bai yi kisan da Kakalaba ta yi ba. Binciken lafiyar iyali da aka yi a 2018 ya nuna cikin yara 1,000 a Nijeriya 132 ke rasuwa kafin shekara biyar. Har yanzu abin kunya ne, balle a Arewa maso Yamma inda adadin ya kai 187, amma ina za a haɗa da na dā?

Kowane yaron da lamba ta tsirar, bayan shekara ashirin shi ma uba ne. Nan ne lissafin ke ba mutane mamaki. Ƙarin kashi 2 da rabi cikin 100 a shekara kamar ba kome ba ne, ɗan kasuwa ba zai ɗauki kaya zuwa Ikko don ribar da ba ta fi wannan ba. Amma ƙari ne bisa ƙari, kuma jama'ar da ke tafiya a haka ta kan ninka kanta cikin shekara 28 ko kusa da haka. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta sami mutum miliyan 30 da ɗoriya a Nijeriya. Ta 1963 ta ce miliyan 55 da 'yan kai, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 miliyan 140. Kintacen 2023 ya wuce miliyan 220. Gaskiya ne babu ɗaya daga cikin ƙidayoyin nan da ba a yi gardama a kanta ba. A zamanin haraji maigida ya kan ɓoye samarinsa in ya ga malami da littafi, a zamanin siyasa kuma kowane yanki so ya ke a ce ya fi yawa, har aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973. To, ko an rage ko an ƙara, ba mai musun inda aka dosa.

A birni kuwa akwai ƙofa ta uku bayan haihuwa da mutuwa, ita ce ta baƙi. Kaduna ba ta kai mutum dubu 50 ba a ƙidayar 1952, amma a 1963 ta doshi dubu 150. Ba haihuwa ce ta ninka ta uku cikin shekara goma sha ɗaya ba. Aikin Gwamnati ne, da barikin soja, da reluwe, da masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957. Daga baya aka sami kamfanin haɗa motar Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma mutanen da suka jawo ba su koma ba, nan suka hayayyafa. Rikicin 2000 da na 2002 suka sa mutane ƙaura daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, kowa na neman inda hankalinsa zai kwanta, unguwannin arewa irin su Kurmin Mashi da Badiko da Rigasa suka ƙara cunkushewa. A bayan nan kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Birnin Gwari da kewaye, manoma ne sosai, sun baro gonakinsu sun zo suna tura baro da sayar da ruwa. Yau birnin ya wuce mutum miliyan ɗaya. Baƙon birni kuma yawanci saurayi ne ko budurwa, watau masu haihuwa a gaba.

Yanzu sai a koma gona. A ɗauka wani magidanci yana da eka 12 a bayan gari, yana noma ta gandu da 'ya'yansa. A zamanin wabi zai bar 'ya'ya maza biyu, kowa ya tashi da eka 6, in ta gaza ya sari sabon daji, mai unguwa ba zai hana shi ba. Yau wannan magidanci zai bar maza biyar da mata huɗu, dukkansu da rai da lafiya, alhamdu lillahi. In aka raba bisa shari'a, namiji rabo biyu mace ɗaya, kowane namiji ba zai cika eka 2 ba. In su ma suka bar kamar haka, jikoki sai dai a auna musu da taki. Daji kuwa babu, wanda ya rage ko na Gwamnati ne ko ba ya shiguwa. Saura ma ta zama labari. Dā a kan bar gona ta huta shekara huɗu ko biyar, ciyawa ta ruɓe a cikinta, Fulani su kwana da shanu. Yanzu shekara da shekaru a ke ƙwaƙular wuri guda, ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta kama dawa, sai an zuba takin zamani kafin a ga zangarniya.

Gonar da ke bakin birni kuwa ba ta ma kaiwa ga jikoki. Da zarar magada sun ga rabon kowa ba zai cika rumbu ba, ga kuma dillali na zarya, sai a yanka ta fuloti-fuloti a raba kuɗi. Ba a ga laifinsu ba, kuɗin fuloti ɗaya ya fi amfanin noman shekara goma. Amma kuɗin su kan ƙare a biki da babur da kujerar Makka, gidan da aka gina kuwa ba a sake shuka kome a wurin har abada. Haka aka cinye gonakin da ke kewaye da Kurmin Mashi, haka a ke cin na Rigasa da Mando da Rigachikun. Kowace shekara bakunan da ke jiran tuwo na ƙaruwa, gonar da ke kusa da su na ja da baya, kuɗin mota na hawa kan kowane mudu.

Akwai mutane iri biyu da ke ɓata wannan zance, kowanne da gefensa. Na farko su ne masu cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, saboda haka lissafi ma rashin tawakkali ne. Maganar farko gaskiya ce, babu Musulmi ko Kirista da zai musa. Amma mai faɗin haka, shi ne kuma in kaka ta yi ya kan ƙirga dammansa, ya ware iri, ya ware na zakka, ya auna ko rumbu zai kai shi Yuli, ya rage awo in ya ga ba zai kai ba. Ba wanda ya ce masa ya rasa tawakkali. Wanda ya iya lissafin dami bai kamata ya ji tsoron lissafin masu cin damin ba.

Na biyu su ne wasu ma'aikata da 'yan boko, waɗanda da an ta da maganar tsadar abinci sai su ce ai talakawa ne ke haihuwa barkatai. Waɗannan sun fi na farko kuskure, don suna da karatun da za su gane. Talaka bai haihu don wauta ba. A wurin manomin da ba shi da fansho, ba shi da tarakta, ɗa shi ne ɗan ƙwadagonsa, shi ne sandarsa ran tsufa. Kuma wanda ya binne 'ya'ya uku da hannunsa ba za a zo masa da takarda a ce ya tsaya a huɗu ya saurara ba. Yawan haihuwar da ya gada lissafi ne na zamanin agana, a haifi goma don a tsira da huɗu, kuma a zamaninsa daidai ne. Kiɗa ne ya sake, rawa ba ta gama sakewa ba.

Tana kuwa sakewa, ba tare da an sa wa kowa doka ba. A 1990 macen Nijeriya ta kan haifi 6 a rayuwarta in aka yi rabon daidai, a 2018 ya zama 5 da 'yan kai, binciken 2023 zuwa 2024 ya sami ƙasa da 5. A binciken 2018 ɗin nan, matar ƙauye na kusa da 6, ta birni 4 da rabi. Wadda ba ta shiga makaranta ba ta doshi 7, wadda ta wuce sakandare ba ta kai 4 ba. Haka aka gani a wasu ƙasashe, har da na Musulmi. Bangaladash tana kusa da 7 a 1970, yanzu tana wajen 2. Iran ta sauko daga sama da 6 zuwa wajen 2 tsakanin 1985 da 2000. Ba a ce Kaduna ta zama kamarsu ba, kuma ƙasashe irin su Japan da suka zarce, yau kukan ƙarancin yara su ke yi. Abin lura dai shi ne, ko'ina iyaye sai sun tabbata 'ya'yansu za su rayu kafin su sassauta. Saboda haka wanda ya damu da yawan jama'a, abin da zai fara nema shi ne asibitin unguwa mai magani, da ruwan sha mai tsabta, da gidan sauro, da makarantar 'yan mata. Maganin mutuwar yara shi ne kuma maganin yawan haihuwa, ko da ya ke a ido kamar sun saɓa.

Ba ma sai an je Bangaladash ba. Hausawa na da tasu dabara tun kaka da kakanni. Mace ta kan tafi wankan gida ta daɗe, ta shayar da ɗanta shekara biyu kafin yaye, kamar yadda addini ya kwaɗaitar, kuma wadda ta yi kwanika tsofaffi ba su raga mata, har mijin ma ya sha gori. Zaman birni a ɗaki ɗaya ya rushe wannan al'ada, ba a kuwa maye gurbinta da kome ba a gidaje da yawa. Likitoci sun tabbatar da abin da tsofaffin suka sani, cewa yaron da aka haifa bai kai shekara biyu da na gabansa ba, haɗarin mutuwarsa wajen ninki biyu ne na wanda aka ba tazara sosai. Ita uwar ma jininta ba ya komawa, sai a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Maigidan da ba zai shuka dawa a kan dawa ba tare da ba ta tazarar taki guda ba, ya san wannan karatu.

Amma kada a ruɗi kai. Ko da yau kowace mace ta rage haihuwa, jama'a za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru masu yawa, domin cikin mutum 10 a Nijeriya wajen 4 ba su kai shekara 15 ba. Iyayen gobe an riga an haife su, suna nan suna wasa a lungunan Kurmin Mashi. Abincinsu dole ya fito daga ƙasar da a ke da ita.

A nan manomi na da abin koyi a ƙasar Kano. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin sun daɗe da cika, tun kafin zuwan Turawa babu saura a wurin, amma ba su daina noma ba. Sun riƙe ƙasarsu da takin gida, da jakuna masu ɗauko shara da toka daga birni, da gero da dawa da wake a kunya guda, da itatuwa a tsakiyar gona, da awaki a turke suna cin harawa suna ba da taki. Yawan hannu ne ya sa aikin ya yiwu. A ƙasar Zazzau ma an ga yadda masara ta tashi daga abin gasawa a bayan ɗaki ta zama amfanin buhu ɗari-ɗari, bayan da aka buɗe shirin noma na Funtuwa a 1975 aka kawo sabon iri da taki da hanyoyi, ga kuma masu binciken Samaru a kusa. Eka ɗaya na iya ciyar da mutane fiye da yadda ta saba, in an ba ta abin da ta ke bukata a kan lokaci. Takin da ya iso manomi a Agusta kuwa sunansa ɓarnar kuɗi.

Birnin da ya cinye gona shi ne kuma kasuwar da ta fi kowace. Mutum miliyan ɗaya kullum sai sun sayi tumatir da alayyafo da albasa da ƙwai da nono. Mai rabin eka a bakin rafi kusa da Kaduna, in ya yi lambu rani da damina, ya kan fi mai eka biyar na dawa a nesa samun kuɗi. Saboda haka 'yan fadamun da suka rage a gefen kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa sun fi ƙarfin a bar su a hannun dillalai. Tun 1978 doka ta sa ƙasar birni a hannun Gwamna, watau iko na nan in an ga dama. Kamata ya yi a auna fadamun nan, a kafa musu duwatsun iyaka, a ba masu nomansu takarda da sharaɗin ba a gini. Gidan da aka gina a fadama ma ruwa ke cinye shi, kamar yadda mazauna bakin kogi suka sha gani a watan Satumba. Kuma a hana zuba baƙin mai da ruwan kwata a rafukan, don da wannan ruwa a ke ban ruwan latas ɗin da 'yan birni ke ci ɗanye.

Saura maganar rajista. An shirya ƙidaya a 2023 aka ɗaga ta, aka bar masu tsara makarantu da rabon taki suna aiki da lissafin 2006, lokacin da samarin da ke aure yau ke goye. A binciken 2018, yara ƙanana da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai rabi ba, ta mutuwa kuwa ba a ma magana. Haraji dai an soke shi a Jihar Kaduna tun 1979, zamanin Gwamna Balarabe Musa, babu sauran dalilin ɓoye yaro. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka yi suna da gidan da aka yi zaman makoki a makon nan, liman ma ya sani, don shi ya raɗa sunan, shi ya yi sallar. Littafi ɗaya a hannun mai unguwa, shafin dama na haihuwa, na hagu na rasuwa, a kai wa Hukumar Ƙidaya kowane wata, ya isa a san yawan azuzuwan da Kurmin Mashi za ta bukata nan da shekara shida, da buhun masara nawa za a riƙa sauke mata a mako.